Makunnin da ke cikin ɓargo: me binciken Casgevy ya tabbatar, me kuma aka ɗora masa?

Wani mai karanta wannan shafi daga Kademi, can ƙasar Gaya, ya turo mana saƙon murya mai ɗan tsawo. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, yana da 'ya mai shekara 7 da ke fama da sikila. Ya ji a rediyo wai Turawa sun samo maganin cutar na har abada ta hanyar "sitem sel". Ana cikin haka kuma sai ga wani ya zo masa da kwalin wani gari da ake zubawa a ƙarƙashin harshe, ya ce masa ai shi ma sitem sel ɗin ne, sai dai wannan na talaka ne. Kuɗin da aka yanka masa sai ya sayar da hatsi kafin ya haɗa su. Tambayarsa ita ce, ya saya ko kada ya saya?

Kada ya saya. Zan dawo kan dalili. Amma labarin da ya ji a rediyo gaskiya ne, kuma shi ya fi cancanta mu zauna a kansa. Akwai takardar bincike a bayansa, wadda Haydar Frangoul da abokan aikinsa suka fitar a mujallar New England Journal of Medicine a watan Afrilun 2024, kan maganin da ake sayarwa da sunan Casgevy. Na karanta ta fiye da sau ɗaya. Ra'ayina shi ne aiki ne mai ban mamaki, kuma duk da haka an yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Kafin ka yarda da ni ko ka ƙi, sai mun fara leƙa cikin ƙashi tukuna.

Wata 'yar matsala ta harshe kafin mu shiga. A Hausar jarida "ƙwayar halitta" ake cewa ga abubuwa biyu daban, shi ya sa labaran kimiyya kan rikice wa mai sauraro. A nan idan na ce ƙwayar halitta, ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin rai da aka gina jiki da shi. Idan na ce ƙwayar gado, ina nufin wani yanki na rubutun DNA da ke cikin wannan ɗakin.

Masaƙar jini

Ɓargon da kake tsotsa a ƙashin rago, galibinsa kitse ne. Wanda ke yin jini a jikin babban mutum ja ne, yana cikin ƙashin ƙugu, da na ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya. A nan ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, don kowace ɗaya kwana 120 kawai take yi ta mutu. A jikin mai sikila kuwa, kwana 10 zuwa 20 ne iyakarta. Duk wannan aiki, haɗe da fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta da 'yan ƙananan da ke tsayar da jini idan ka yanke, daga wasu 'yan tsirarun ƙwayoyi yake fitowa. Su ne sitem sel na jini, mu kira su iyayen ƙwayoyi. Wani bincike da aka yi a Cibiyar Sanger ta Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa masu aiki a jikin babban mutum ba su wuce 50,000 zuwa 200,000 ba. James Till da Ernest McCulloch ne suka fara nuna alamarsu a jikin ɓeraye a Toronto, a 1961. Akwai kuma wani jinsin iyayen a cikin ɓargo da ke zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse, amma ba da su muke yau ba.

To ga abin tambaya. Uwar ƙwaya, da jar ƙwayar da ke tasowa, da farar ƙwaya, duk littafi ɗaya suke ɗauke da shi: haruffa kusan biliyan 3, ƙwayoyin gado wajen 20,000. Me ya sa wannan ta cika cikinta da himogulobin, waccan kuma ta koyi haɗiye ƙwayar cuta? Saboda ba kowane shafi kowace ke buɗewa ba. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su zauna a kan DNA su buɗe wani shafi, su danne wani. Biyu daga cikinsu sun yi suna. GATA1 yana jan ƙwaya zuwa ɓangaren ja; ɗan ɓeran da aka cire wa shi tun yana ciki yake mutuwa saboda rashin jini. PU.1 kuma yana ja zuwa ɓangaren fari. Kuma kowannensu yana danne ɗan'uwansa, kamar kishiyoyi. Ƙarfin irin waɗannan furotin ba na wasa ba ne: a 2004 ɗakin binciken Thomas Graf ya cusa guda ɗaya tak, C/EBPα, a cikin farar ƙwaya nau'in B, ta rikiɗe ta koma wani nau'in dabam mai haɗiye ƙwayoyin cuta.

Daga nan aka samu hoton da ke cikin littattafan makaranta. Bishiya ce, uwa a sama, reshe ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, a kowace mararraba kuma akwai makunni da ke cewa dama ko hagu. Hoto ne mai daɗin koyarwa, ni ma da shi aka koya min. Sai dai da aka samu na'urorin da ke karanta ƙwaya ɗaya-ɗaya, hoton ya fara dusashewa. A 2016 ɗakin binciken Timm Schroeder ya ɗauki hoton ƙwayoyin ɓera kwana da kwanaki suna rarrabuwa, ya ga cewa kokawar GATA1 da PU.1 ba ita ke fara yanke hukunci ba, tana dai ƙulle hukuncin ne bayan an riga an karkata. A shekarar kuma ɗakin John Dick a Toronto ya nuna cewa tsarin rassan a jikin ɗan tayi ya bambanta da na babban mutum. A 2017 Lars Velten da abokansa a Heidelberg suka duba ɓargon mutum, suka tarar ba wasu matakala tsararru, ƙwayoyin a hankali suke gangarawa. Ka tuna ruwan farkon damina a kan fako: da farko shimfiɗe yake, sai ya fara bin ɗan gangare, can gaba ya yanka kwari, daga nan kuma ba ya komawa.

Na daɗe a nan ne da gangan. Duk wanda ya ce maka sitem sel "tana iya zama komai", kuma idan ka sha ta za ta je ta gyara duk inda ya lalace, bai san yawan ƙofofin da ke kulle a gabanta ba. Garin da aka kai wa mutumin Kademi, irinsu da ke yawo a kasuwa yawanci daga tsiro ake tatso su, tuffa ko inabi. Ƙwayar tuffa ba ta da shafin himogulobin ɗin mutum, kuma duk abin da ya bi ta baki ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tuwo. Ko iyayen ƙwayoyi na mutum na gaske, sai an ba da su ta jijiya, bayan an share musu wuri a ɓargo, kafin su kama. Wannan ke nan game da kwali.

Inda binciken ya burge ni

Sikila harafi ɗaya ce. A cikin ƙwayar gadon da ake kira HBB, A ta koma T, sai himogulobin ɗin da aka ƙera ya riƙa mannewa da juna idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Amma kowace uwa da ta raini mai sikila ta san wani abu: jaririn lafiya lau yake a watannin farko, sai wajen wata 5 ko 6 hannu da ƙafa su fara kumbura. Wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ta lura da haka a 1948, ta ce dalili shi ne jariri da wani himogulobin daban ake haifarsa, na zaman ciki, wanda ake kira HbF, kuma shi ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki ke rufe shafinsa ya buɗe na manya. Ita cutar tana cikin shafin manyan ne.

Wa ke rufe shafin? An shekara 60 ana nema. A 2007 da 2008 binciken DNA na dubban mutane ya nuna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, sannan Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar a 2008 cewa ita ce mai danne HbF. Sai ka ce to a kashe ta mana, a huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. BCL11A tana da wasu ayyukan: fararen ƙwayoyi nau'in B ba sa samuwa sai da ita, ƙwaƙwalwa na buƙatarta, su kansu iyayen ƙwayoyin idan aka raba su da ita ba sa riƙe ɓargo da kyau.

Mafitar ta zo a 2013. Daniel Bauer da Orkin suka gano wani ɗan guntun DNA a cikin BCL11A wanda shi ne makunninta, amma a ɓangaren jajayen ƙwayoyi kaɗai. Wa ke danna wannan makunnin? GATA1, wanda muka baro a sama. Ka ga dabarar? Idan ka lalata ɗan wurin da GATA1 ke zama, uwar ƙwaya ba abin da ya dame ta, fararen 'ya'yanta ma haka, domin su ta wasu makunnan suke kunna BCL11A. Sai 'yar da ta gangara kwarin ja ce kawai za ta zo ta tarar makunnin ba ya aiki, BCL11A ta yi rauni, shafin HbF ya sake buɗewa. Abin da Casgevy ke yi ke nan, da almakashin CRISPR, wanda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka karɓi kyautar Nobel a kansa a 2020. Ba a taɓa harafin sikilar ba sam. Kuma dole a uwar za a yi yankan, saboda jar ƙwayar da ta nuna tana jefar da DNA ɗinta gaba ɗaya, ba ta da abin yankawa, ga shi ba ta daɗewa.

A gaskiya duk lokacin da na zo nan sai na ji wani abu. Ilimin da aka tara a kan yadda ƙwaya ke zaɓen hanya, wanda a da za ka ce aikin masu wasa da ɓeraye ne, shi ne ya zama magani.

Sakamakon ma ba na rainawa ba ne. An ɗauki masu shekara 12 zuwa 35 waɗanda ciwo mai tsanani ke kayar da su aƙalla sau biyu a shekara, shekara biyu a jere. Mutum 44 aka mayar wa ƙwayoyinsu da aka gyara. Cikinsu 30 ne suka daɗe har za a iya auna su, kuma 29 daga cikin 30 ɗin sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Duka 30 ɗin sun yi wata 12 ba a kwantar da su a asibiti saboda shi ba. HbF ya haura kashi 40 cikin 100 na himogulobin ɗinsu. Wasu masu suka na cewa ai ba a ware wani rukuni da ba a ba maganin ba don a kwatanta, kuma kowa ya san abin da aka ba shi. Haka ne, amma wannan sukar ba ta dame ni sosai ba. Mutumin da ke faɗuwa kusan sau huɗu a shekara ba zai daina ba don kawai ya sa rai, kuma HbF a kwalba ake auna shi, ba a baki ba. Birtaniya ta amince da maganin a Nuwamban 2023, Amurka kuma ranar 8 ga Disamban 2023.

Inda nake da ja

Na farko, kalmar "warkewa". Matsakaicin lokacin da aka bi mutanen nan a takardar wata 19 ne da 'yan kwanaki. Abin da aka ƙirga kuma tashin ciwo ne. Amma sikila ba da ciwo kaɗai take kisa ba. Tana cin ƙoda a hankali, tana cin huhu, tana kashe kan ƙashin ƙugu, tana toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wata 19 ba su isa a ga ko an tsayar da waɗannan ba, shi ya sa aka shirya bin mutanen har shekara 15. Mai yiwuwa ne ƙwarai a tarar an tsayar da su, hankali ma ya fi karkata can. Amma takardar 2024 ba ta nuna hakan ba, kuma masu rubuta ta ba su ce ta nuna ba. 'Yan jarida ne suka ƙarasa musu zancen.

Na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa a rediyo ba. Kafin a kai ga allurar, sai an yi aƙalla mako 8 ana sauya wa mutum jini. Sai a ba shi maganin da ke koro iyayen ƙwayoyi daga ɓargo zuwa jijiya, a haɗa shi da na'ura ta tace su, sau da yawa sai an maimaita zagayen. A aika da su masana'anta, a jira watanni. Sannan a ba shi busulfan na kwana huɗu, maganin kansa mai ƙarfi, don ya kashe ɓargonsa na asali a samu wurin shuka. Daga nan sai kusan wata guda ko fiye a ɗaki na musamman ba shi da garkuwar jiki, baki ya yi gyambo, gashi ya zube. Busulfan kuma yana iya hana haihuwa har abada, ga mace da namiji. A Landan ko Nashville ana iya daskarar da ƙwan mace ko maniyyi a ajiye kafin a fara. Kai da ka san matsayin haihuwa a gidan aure a ƙasar Hausa, ka faɗa min yadda za a yi wa uban yarinya wannan bayanin. Mutum ɗaya ya rasu a cikin binciken, sanadin korona da ta kama huhunsa, masu binciken kuma sun ce ba gyaran DNA ɗin ne ya jawo ba. Na yarda da su. Amma almakashin da busulfan ɗin tare ake sayar da su, ba ka iya karɓar ɗaya ka bar ɗaya.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Almakashin CRISPR yana neman wurin yanka ne ta hanyar daidaita haruffa 20. Idan akwai wani wuri a littafin da ya yi kama da wannan, yana iya yanka a can bisa kuskure. Littafin kowa kuma ya ɗan bambanta da na wani, kuma babu nahiyar da bambancin ya kai na Afirka yawa. A farkon 2023 wata takarda a mujallar Nature Genetics, wadda shi kansa Bauer na cikin marubutanta, ta nuna cewa akwai wani sauyin harafi ɗaya a cikin ƙwayar gadon CPS1 da ke buɗe wa wannan almakashin wurin yanka na biyu, kuma ana samunsa a kusan kashi 4.5 cikin 100 na kwafin DNA na masu asalin Afirka. Ba a nuna cewa yankan na cutarwa ba, kada ka ɗauka haka nake nufi. Abin da ya tsaya min shi ne yadda aka yi binciken tsaron. Rumbun bayanan da kamfanin ya dogara da shi na mutum 2,504 ne daga duniya baki ɗaya, 661 daga ciki masu asalin Afirka. Akwai Yarabawan Ibadan, akwai Esan, akwai mutanen Gambiya da Saliyo da Kenya. Babu rukunin Hausawa, babu na Kanuri. Kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya yi zama kan wannan batu ranar 31 ga Oktoban 2023, ra'ayi kuma ya karkata ga cewa amfanin ya rinjayi haɗarin. Ga majiyyacin da ke gabansu, ina ganin sun yi daidai. Amma asibitocin da aka yi gwajin duk a Amurka da Kanada da Turai suke, ko ɗaya babu a Afirka. Ba a gwada shi a inda sauro ke cizo wata shida a shekara ba.

Ka haɗa wannan da lissafin masu cutar. Ƙiyasin duniya na 2021 ya ce an haifi jarirai kusan 515,000 da sikila a shekarar, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa ga Najeriya shi ne 150,000 a shekara. Duk masu sikilar Amurka, yara da manya, wajen 100,000 ne. Wato abin da muke haifa a shekara guda ya fi nasu gaba ɗaya. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da kuɗin gado da na jini. Idan dala tana naira 1,500, ya haura naira biliyan 3 ga mutum ɗaya. Ba na zargin masu binciken da wannan. Takardar kimiyya ba ita ke yanka farashi ba, ko da yake yana da kyau ka sani kamfanonin da suka mallaki maganin, Vertex da CRISPR Therapeutics, su suka ɗauki nauyin gwajin. Zargina yana kan mu ne da muke ɗauko labarin mu fassara shi tsirara, "an samo maganin sikila", mu bar mai sauraro ya cike sauran da kansa. Cikin wannan gurbin mai kwalin gari yake shigowa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa da babbar murya a Kano, inda tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Ɓargo aka gyara, ba ƙwayar haihuwa ba. Wanda aka yi wa Casgevy, idan Allah ya sa ya haihu, S zai ba kowane ɗansa, daidai da wanda ba a taɓa yi wa komai ba. Haka ma wanda aka yi wa dashen ɓargo daga ɗan'uwansa, irin wanda Dakta Nosakhare Bazuaye ya fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, aka kuma fara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2024. Shi wannan ma ya fi ruɗarwa, don gwajin jininsa zai iya nuna AA ko AS irin na wanda ya ba shi ɓargon, alhali abin da zai gadar bai sauya ba.

Takardar da ba ta shiga rediyo ba

Mu koma kan yarinyar Kademi. Shekararta 7. Amincewar da aka bayar a 2023 ta masu shekara 12 zuwa sama ce, don haka ko mahaifinta na da biliyan ukun, takardar Frangoul ba da ita take magana ba. Babban abin tsoro a shekarunta shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ana iya hango shi da wani awo mara zafi da ake ɗora wa yaro a gefen kai, mai suna TCD, wanda ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. Ga wani abin lura: a gwajin Casgevy, 'yan shekara 12 zuwa 16 sai wanda awon TCD ɗinsa ya fito lafiya aka ɗauka. Waɗanda suka fi shiga haɗari ba sa ciki.

Su waɗannan yaran, a Kano aka yi bincikensu. Gwajin da ake kira SPRING, wanda aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna da wasu, tare da Jami'ar Vanderbilt, ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci da Michael DeBaun na cikin jagororinsa. An ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da awonsu ya nuna haɗari, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba rabi haidiroksiyuriya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma 20. Yara 3 ne suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai wuce na sa'a ba, kuma duka biyun sun yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani yana faruwa idan an bar irin yaran nan haka. Masu shan 20 ɗin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Shi ma wannan binciken yana da nasa raunin. Ba a kwatanta da ƙarin jini na wata-wata ba, wanda shi ne abin da ake yi a ƙasashe masu arziki, don ba zai yiwu a nan ba. Ba a kuma bar wani rukuni ba magani ba, don hakan zalunci ne. Kwatancen da alƙaluman baya ne. Amma ta fuskar tsari, raba yara 220 ta ƙuri'a ya fi ƙarfin hujja a kan mutum 30 a rukuni guda, kuma yaran namu ne, da cimarmu da saurommu.

Kuma ka san yadda haidiroksiyuriya ke aiki? HbF yake ɗagawa. Shafi ɗaya suke nema da Casgevy. Shi yana matsa wa 'ya'yan ɓargo masu tasowa ne su bar shafin a ɗan buɗe, muddin ana sha kullum. Wancan kuwa ya cire makunnin sau ɗaya. Ba ya kai HbF inda Casgevy ke kai shi, ba ya kuma kawar da ciwo gaba ɗaya, kuma sai ana duba jini lokaci-lokaci don yana iya rage fararen ƙwayoyi, saboda haka ba maganin da za a saya a kemis a fara sha da ka ba ne. Amma ana ƙera shi a Najeriya, kuma kuɗin kwalin garin nan zai sayi na lokaci mai tsawo.

Masu bincike sun san busulfan da masana'anta ne suka sa Casgevy ya zama na 'yan tsiraru. Tun 2019 Cibiyar Lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman hanya mai araha, burin kuwa shi ne allurar da za ta je ta sami uwar ƙwaya a cikin ɓargo ta yi gyaran a can, ba tare da an fito da ita ba. Idan hakan ta tabbata a jikin mutum, zan zo nan in rubuta da farin ciki.

Amsar da muka mayar wa mutumin Kademi ita ce, hatsin da zai sayar ya yi kuɗin mota da shi, ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya kai yarinyar asibitin masu sikila na yara, a Murtala ko Hasiya Bayero ko Malam Aminu Kano. Ya nemi a yi mata awon TCD, ya tambayi likita ko ta cancanci haidiroksiyuriya da nawa za ta riƙa sha, ya kuma tafi da ƙannenta biyu da ya ce ba a taɓa duba jinotayif ɗinsu ba.